Gurbin Harshe a Horon Masu Shirin Aikin Shari'a: Darasi Daga Zangunan Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu

1.0 Gabatarwa

Aikin shari'a, tun daga ofishin 'yan sanda har zuwa gaban alƙali, aiki ne da ake gudanarwa da magana. Da ita ake tuhumar mutum, da ita yake kare kansa, kuma da ita ake yanke masa hukunci. Saboda haka duk horon da za a bai wa mai shirin shiga wannan aiki, matuƙar bai taɓo harshe ba, to ya bar babban gurbi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wannan gurbi a tsarin horon sana'ar shari'a na Nijeriya, ta hanyar duba halin da Bahaushe mazaunin Fatakwal ko Anaca ko Inugu yake shiga idan shari'a ta same shi.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu ya faru ne a cikin shekarun da aiki ya kawo ni Gabas ina koyar da Hausa. Wata rana dattawan zango suka roƙe ni in raka wani mai sayar da albasa zuwa wata kotun majistare, inda ake tuhumarsa da raunata wani a rigimar kasuwa. Wanda aka ɗauko ya yi tafinta ya taɓa zama a Arewa, kuma yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya tambayi mutumin: "Ka yi ko ba ka yi ba?" Shi kuwa ya ce: "Na yi, amma shi ya fara zaro mini wuƙa." Tafinta ya isar da kalmomi biyun farko, ya bar sauran. Ba domin an ankarar da lauyansa ya nemi a sake karanta tuhumar ba, da an rubuta cewa mutumin ya amsa laifi.

Abin nufi da horon sana'a a nan shi ne koyar da yadda ake yin aikin a aikace, bayan an naƙalci ƙa'idojinsa. Masu koyon kuwa kashi uku ne: ɗalibai masu shirin zama lauyoyi, da ma'aikatan kotu irin su akawu da tafinta, sai kuma mataimakan lauyoyi da masu rubuta wa jama'a takardu.

2.0 Horon Sana'ar Shari'a a Nijeriya

A mafi yawan zamanin mulkin mallaka, hanyar zama cikakken lauya ita ce a ƙetara zuwa Ingila. Ta wannan hanya Sapara Williams ya zama lauyan Nijeriya na farko a 1879. Ta nan kuma Louis Mbanefo, mutumin Anaca, ya bi a 1935, ya dawo ya buɗe ofishinsa a garinsu. Wani abin lura shi ne, lauyan farko na Jihar Arewa, wato A.G.F. Abdulrazaƙ, wanda ya sami shaidarsa a 1955, a Anaca aka haife shi a 1927, ko da yake iyayensa mutanen Ilori ne. Ke nan tun da wuri zaman baƙunci a Gabas yana da hannu a tarihin wannan sana'a.

Illar wancan tsari ita ce, wanda ya karanto dokar Ingila yakan dawo bai san dokokin ƙasarsa ba, balle al'adun mutanen da zai yi wa aiki. Domin magance haka aka kafa kwamitin Unsworth a 1959, wanda ya ba da shawarar a raba karatun gida biyu: jami'a ta koyar da ƙa'idojin doka, wata makaranta ta musamman kuma ta koyar da aikin kansa. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ce ta fara buɗe tsangayar shari'a a 1961, kuma a reshenta na Inugu tsangayar take. Dokar Ilmin Shari'a ta 1962 ta kafa Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a Igbosere, Legas, a Janairun 1963 da ɗalibai 8. A 1997 aka mayar da hedikwatarta Bwari, kusa da Abuja. Daga baya aka sami rassa a Agbani ta Jihar Inugu, da Bagauda ta Jihar Kano, da Yenagoa, da Yola. Da aka buɗe na Fatakwal a unguwar Rumueme a 2022, wuraren karatun suka cika 7, har da na Legas da na Bwari.

Ɗalibi yakan yi shekara 5 a jami'a, sa'an nan ya yi shekarar karatu ɗaya a wannan makaranta. Tun gyaran manhaja na 2008 darussan biyar ne: gudanar da shari'ar laifuffuka, da gudanar da ƙararrakin da ke tsakanin mutane, da harkar filaye da kadarori, da harkar kamfanoni, sai ɗa'a da dabarun aikin lauya. Akan kuma tura ɗalibai kotuna da ofisoshin lauyoyi na wasu makonni domin su ga aiki da idonsu. Ana koya musu yadda ake ganawa da mai neman lauya da yadda ake yi wa shaida tambayoyi, amma duk da Ingilishi. Babu ko ɗaya daga cikin darussan nan biyar da aka keɓe wa wani harshen Nijeriya.

Arewa tana da nata tsohon tsarin. A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano domin horon alƙalai, da malamai daga Sudan, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Haka nan Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Zariya ta horar da alƙalai da ma'aikatansu a lokacin da aka kawo sabon kundin laifuffuka na Arewa a 1960. Waɗanda suka fito daga wannan tsari da Hausa suke sauraron ƙara, don haka mai ƙara da alƙali ba su da shamaki a tsakaninsu. Wannan sauƙi ne Bahaushe yake rasawa da zarar ya ƙetare Binuwai ya nausa kudu.

3.0 Zangunan Hausawa a Gabas

Zaman Hausawa a waɗannan garuruwa uku ya bi hanyar ruwa da ta jirgin ƙasa. Anaca tsohuwar tashar ciniki ce a bakin Kwara, inda fatake Hausawa da Nufawa suke sauka tun ƙarni na 19, kuma har yau sunayen titunanta irin su Titin Bida da Titin Sakkwato suna tuna wannan hulɗa. Inugu da Fatakwal kuwa gawayin kwal ne ya raya su: an gano shi a yankin Inugu a 1909, aka kuma haɗa garin da tashar jiragen ruwa ta Fatakwal da layin dogo a 1916. Da aka gama gadar Makurɗi a 1932, sai jigilar shanu da kayan abinci daga Arewa ta ƙara sauƙi. Zaman ya yi ƙarfi har Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya watsa zangunan, amma bayan an ƙare shi suka sake cika.

Ibo suna kiran irin waɗannan unguwanni Ama Awusa ko Ogbe Awusa, akan kuma ce da kasuwar dabbobi Garki, kamar ta Awkunanaw a Inugu. Mazauna cikinsu sun haɗa da dillalan shanu da awaki, da masu albasa da wake da tumatir, da 'yan canji, da masu tsire, da masu gyaran takalma, da 'yan dako, da masu gadi. Abubuwan da kan kai su gaban hukuma sanannu ne: hayar rumfa, bashin dabbobi, haɗarin mota, faɗan kasuwa, kamun 'yan sintiri, sai kuma aure da gado.

Akwai abubuwa uku da suka sa lamarinsu ya bambanta. Na farko, jihohin Ribas da Anambara da Inugu ba su da kotunan shari'ar Musulunci, kotunan gargajiyarsu kuwa al'adun 'yan ƙasa suke bi. Don haka ƙananan rigingimu a zauren Sarkin Hausawa ko wurin liman suke ƙarewa, wanda ya fi ƙarfin nan kuma sai kotun da harshenta Ingilishi ne. Na biyu, da yawa daga cikin mazauna zango sun iya Turancin buroka ko Ibo na ciniki, wanda ya isa a yi tayi a sallama, amma bai isa a bi zaren tambayoyin lauya ba. Sau da yawa wannan ɗan abin da mutum ya iya shi ke sa a ɗauka ba ya bukatar tafinta. Na uku, a Kudu duk wanda ya fito daga Arewa Bahaushe ake ce masa, alhali a cikin zango akwai Fulani da Barebari da Nufawa da Zabarmawa da Buzaye, waɗanda Hausar wasunsu ita ma ta kasuwa ce.

4.0 Abin da Doka ta Tanada

Dokar ƙasa ba ta yi sakaci da batun harshe ba. Sashe na 35(3) na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake fahimta. Sashe na 36(6)(a) ya ce a bayyana wa wanda ake tuhuma irin laifinsa dalla-dalla da harshen da yake ji, sashe na 36(6)(e) kuma ya ba shi haƙƙin samun tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Sai dai wannan haƙƙi na ƙarshe ya tsaya ne ga shari'ar laifi, bai haɗa da rigimar bashi ko ta haya ba. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 17, ta ƙara da cewa idan wanda ake zargi ba ya jin Ingilishi, tafinta ne zai rubuta jawabinsa, ya karanta masa, ya kuma sa sunansa da adireshinsa a kan takardar. Jihohin nan uku kowacce tana da tata dokar ta gudanar da shari'ar laifuffuka.

Hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli sun ƙara fito da nauyin abin. A shari'ar Kajubo ta 1988 an rushe shari'a ɗungurungum saboda ba a bi ƙa'idar karanta wa wanda ake tuhuma laifinsa da bayyana masa shi ba. A shari'ar Gwamnatin Tarayya da Usman ta 2012 an tabbatar da cewa jawabin da aka ɗauka ta bakin tafinta ba ya zama hujja sai tafintan ya zo ya ba da shaida, in ba haka ba ya zama ji-ta-ji-ta. Amma a shari'ar Gwonto ta 1983 kotun ta nuna cewa wajibi ne wanda ake tuhuma ko lauyansa ya sanar da kotu cewa ba ya jin harshen, wanda kuwa yake da lauya ya yi shiru, zai yi wuya a saurari kukansa a wajen ɗaukaka ƙara.

Idan aka haɗa waɗannan, za a ga cewa haƙƙin da Tsarin Mulki ya bayar ya rataya ne a wuyan mutum biyu: lauyan da zai gane akwai matsala ya yi magana a kan lokaci, da tafintan da zai isar da zance yadda yake. Na farko ba a koya masa wannan a matsayin darasi ba. Na biyu kuwa galibi akawun kotu ne, ko ɗan sanda, ko wani da aka samu a kusa.

5.0 Wuraren da Ma'ana ke Zamewa

5.1 Karin Sauti da Tsawon Wasali da Rabon Kalma

Daidaitacciyar hanyar rubutun Hausa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. Bahaushe yakan gane abin nufi daga yanayin zance, amma jawabin da aka rubuta a ofishin 'yan sanda wani ne dabam zai karanta shi, wataƙila bayan shekaru. A misalan da ke biye an ninka dogon wasali, an kuma sa alama a kan gaɓa mai karin ƙasa ko mai faɗuwa:

(1a) Naa cêe yaa kashèe shi.
(1b) Naa cêe yà kashèe shi.

(2a) Yaa faɗàa matà.
(2b) Yaa faaɗàa matà.

A rubutun yau da kullum (1a) da (1b) duk "Na ce ya kashe shi" ne. Amma mai faɗin (1a) shaida ne da ke ba da labarin abin da ya auku, mai faɗin (1b) kuwa ya yi iƙirarin shi ya ba da umurnin kisa. Haka (2a) tana nufin ya gaya mata magana, (2b) tana nufin ya auka mata. Rabon kalma ma yana da nasa haɗari:

(3a) Kuɗin na ba shi ne.
(3b) Kuɗin na bashi ne.

A (3a) ana iya fahimtar kyauta, a (3b) kuwa akwai biya. Daɗin daɗawa, yawancin masu buga takardu a Gabas ba su da haruffa masu lanƙwasa, sai fada da faɗa, ko kare da ƙare, su zama abu ɗaya a takarda.

5.2 Amsa Tuhuma

Tambayar da kotu ke yi wa wanda ake tuhuma bayan an karanta masa caji tana neman sanin ko ya yarda shi mai laifi ne a idon doka. Fassarar da aka saba ji, wato "Ka yi ko ba ka yi ba?", tana tambaya ne a kan aikata abu kawai. Mutum yana iya aikata abu bai zama mai laifi ba, kamar wanda ya yi duka domin kare kansa, ko wanda ya ɗauki kaya bisa zaton nasa ne. Wannan shi ne abin da ya kusa cin mai albasan da aka ambata a gabatarwa. A laifin da hukuncinsa kisa ne doka ta yi rigakafi, domin ko mutum ya amsa, kotu za ta rubuta bai amsa ba, a ci gaba da sauraron shaidu. A sauran laifuffuka babu wannan kariya. Fassarar da ta fi kusa ita ce: "Ka yarda kai mai laifi ne a kan wannan tuhuma, ko kana da abin da za ka kare kanka da shi?"

Akwai kuma kalmomin ladabi. Idan babba yana magana, Bahaushe yakan ce "To" ko "Na ji", ba tare da ya amince da abin da aka faɗa ba. Sunkuyar da kai da ƙin haɗa ido da alƙali su ma girmamawa ce a wurinsa, amma wanda bai san al'adar ba yana iya ɗaukarsu alamar rashin gaskiya.

5.3 Kalmomin Ciniki da Dangantaka da Lokaci

Hausa ta bambanta aro, inda ake mayar da ainihin abin da aka karɓa, da rance, inda ake mayar da madadinsa, da bashi, da ajiya, da jingina. Kowanne yana da hukuncinsa: wanda ya ci bashi ya kasa biya ƙarar neman haƙƙi za a kai shi, wanda ya cinye ajiya kuwa yana iya fuskantar tuhumar laifi. Tafintan da ya tattara su a kalma ɗaya ya sauya shari'ar tun daga tushe.

Kalmar maigida ta fi kowacce rikitarwa. A harkar shanu, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a nazarinsa na Sabon Ibadan a 1969, maigida shi ne mai saukar da fatake, mai ajiye musu kuɗi, mai tsaya wa masu saye bashi. Ni kaina na taɓa fassara wa wani lauya ita da ma'anar mai gidan haya, sai da zance ya yi nisa na gane mai lamuni ake nufi, wanda alhakin biyan kuɗin yake kansa. Haka "yarona" yana iya zama ɗa ko bara ko mai koyon sana'a, "ɗan'uwana" yana iya zama wanda aka haɗa gari kawai, "na sa hannu" kuma yana iya nufin rattaba hannu a takarda ko shiga cikin lamari. Ta fuskar lokaci, "kwana biyu" yakan nufi an daɗe, kuma shaida yakan auna lokaci da azahar ko la'asar ko almuru. Idan tafinta ya mayar da su ƙarfe kaza bisa ra'ayinsa, lauyan ɗaya ɓangaren zai sami saɓanin da zai rushe shaidar da shi.

5.4 Rumbu Biyu na Kalmomin Shari'a

Kalmomin shari'a na Hausa daga tushe biyu suke. Akwai na Larabci da suka shigo ta karatun littattafan Malikiyya irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa, misali alƙali, da'awa, iƙirari, i'izari, wakili, diyya, ƙisasi, haddi, wasiyya. Akwai kuma na Ingilishi, misali kotu, lauya, joji, caji, sammaci, beli, waranti. Kowace kalma tana ɗauke da tsarin da ta fito daga cikinsa, kuma tsarin jihohin Gabas ba na fiƙihu ba ne, ba kuma kundin Arewa na 1960 ba ne. Dokokinsu sun samo asali ne daga kundin laifuffuka da aka shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya a 1916.

Misalin kisa ya isa. A mashhurin zancen Malikiyya kisa iri biyu ne, na ganganci da na kuskure. Kundin da ake bi a Kudu shi ma ya raba kisa biyu, amma ba a wuri ɗaya aka ja layin ba, domin sashe na 318 na ainihin kundin ya sa kisan da aka yi cikin zafin zuciya sakamakon tsokana ta farat ɗaya a kashi mai sauƙi. Irin wannan saɓani ne ya bayyana a shari'ar Tsofo Gubba da Hukumar Gargajiya ta Gwandu a 1947. Don haka idan aka fassara kashi mai sauƙin da "kisan kuskure", an ɓatar da wanda ake tuhuma, wanda ya san da niyya ya kai sara. Haka nan talaka yakan ɗauki beli a matsayin kuɗin da ake biya magana ta mutu, alhali alkawari ne na dawowa kotu, wanda mai tsayawa zai yi asara idan aka saɓa. Kalmar "an sallame shi" ma tana rufe abu biyu: sallamar da za a iya sake kamo mutum bayanta, da wankewar da ta rufe ƙofar sake tuhumarsa a kan wannan laifi.

6.0 Abin da Ya Kamata Horon Ya Ƙunsa

Bisa ga abin da ya gabata, ana iya ba da shawarwari ga kowane kashi na masu koyo.

Ga ɗalibin lauya, ba a bukatar ya iya Hausa kafin ya kare Bahaushe. Abin da ake bukata shi ne a sa aiki da tafinta cikin darasin dabarun aikin lauya: yadda zai gwada ko wanda yake karewa yana fahimtar Ingilishi da gaske, yadda zai tantance ainihin harshensa, yadda zai yi gajerun tambayoyi, da yadda zai nemi a rubuta sunan tafinta da rantsuwarsa a kundin kotu. Rassan Agbani da Fatakwal suna karɓar ɗalibai daga kowane sashe na ƙasa, har da masu jin Hausa, saboda haka ana iya shirya shari'ar gwaji da harsuna biyu ba tare da an nemo kowa daga waje ba. Asibitocin shari'a na jami'o'i, wato ofisoshin da ɗalibai ke taimaka wa marasa ƙarfi kyauta a ƙarƙashin malamansu, su ma suna iya kai ziyara zanguna.

Ga tafinta, ana bukatar kwas mai takardar shaida, wanda zai haɗa ƙa'idojin rubutu da sa alamar karin sauti inda ake tsoron ruɗani, da kare-karen Hausa, da matakan shari'a, da ɗa'ar aiki, wato kada ya rage, kada ya ƙara, kada ya zama lauyan kowa. Cibiyar Harsunan Nijeriya ta Ƙasa da aka kafa a Aba a 1993 tana tsakiyar yankin, Cibiyar Horon Alƙalai ta Ƙasa da aka kafa a 1991 kuwa tana shirya wa ma'aikatan kotu bita. Haɗin gwiwarsu da sassan harsuna na jami'o'i zai wadatar.

Ga mataimakan lauyoyi, waɗanda Dokar Agajin Shari'a ta 2011 ta amince da matsayinsu, zango yana da matasan da suka tashi da Hausa da Ibo da Ingilishi. Su ne suka fi dacewa da rubuta yarjejeniyar haya da ta bashi, tare da cika sharaɗin dokar kare marasa karatu, wadda ta wajabta wa marubuci ya sa sunansa da adireshinsa, kuma a karanta wa mai takarda abin da ke ciki kafin ya dangwala. Su ne kuma za su riƙa rubuta sulhun zauren Sarkin Hausawa, domin a shari'ar Agu da Ikewibe ta 1991 Kotun Ƙoli ta amince da sulhun gargajiya idan ɓangarorin biyu da yardarsu suka kai kansu kuma suka karɓi hukuncin.

Ga mu masana harshe, aikinmu shi ne samar da ƙamus. Hukumar Binciken Ilmi ta Ƙasa ta fitar da ƙamus na kalmomin majalisa cikin Ingilishi da Hausa da Ibo da Yarabanci a 1991. Ana bukatar irinsa na kalmomin kotu, wanda zai nuna ma'anar kowace kalma a fiƙihu, da kundin Arewa, da kundin Kudu, a kuma gwada shi a bakin mutanen kasuwa kafin a buga.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin horon sana'ar shari'a a Nijeriya, ta nuna cewa tun daga 1963 da Ingilishi kaɗai ake yinsa, alhali haƙƙin da Tsarin Mulki ya bai wa wanda ake tuhuma ya dogara ne ga fassara. An kawo misalai daga karin sauti da amsa tuhuma da kalmomin ciniki da na shari'a, domin a ga yadda wasali ɗaya kan mayar da shaida mai laifi. An ɗauki zangunan Hausawa ne domin su marubucin ya sani, amma halin ɗan kasuwa Ibo a kotun Kano ko Gusau, ko Bayarabe a kotun Maiduguri, bai rasa kama da wannan ba. Ana fata masu nazarin sauran harsuna za su tattaro nasu misalan, domin idan aka je gaban Majalisar Ilmin Shari'a da hukumomin kotuna da wannan bukata, a je da hujja daga kowane harshe.